Jakar Mai Jego

Ranar da baƙar leda ta yage mini a gadar Kawo,
hannun gem ɗina ya gangara ƙarƙashin tayar keke napep.
Ƙarar da ya yi, har cikin haƙorina na ji ta.
Wata uku ina tara kuɗinsa,
ƙiftawar ido kwalta ta karɓi rabonta.
Na durƙusa ina tsintar maɓallai kamar wake,
na ce leda, daga yau mun raba gari.

Asabar na kutsa Kasuwar Barci,
layin da jakunkuna ke reto kamar jemagu.
Lurwanu na kan benci, tsinke a baki.
Bai tambaye ni launi ba, bai tambayi kuɗi ba,
cewa ya yi: me za ka zuba?

Na lissafa masa.
Na'urar kanta, mai nauyin rabin bulo,
mai zuciya, ba ta son duka, ba ta son raɓa.
Hannu biyu, ɗaya da ɗaurin salatif.
Wayoyi masu cukurkuɗewa kamar taliyar jiya.
Abin sawa a kunne,
sai faifai huɗu na Sagir da na ara tun azumi.

Ya sauko da wata irin ta sojoji,
fata kamar ta kada, amma ciki ba soso.
Na ce a nan kaya za su kwana suna dambe.
Ya miƙo ta ma'aikatan banki, siririya, mai yanga,
zif ya zo rabi ya cije, ya ƙi gaba ya ƙi baya.
Ta 'yan makaranta kuwa
ina jan madauri ya biyo hannuna.

Har na juya,
ya ce tsaya, amma kada ka zage ni.
Daga ƙasan dila ya zaro ta:
shuɗiya, agwagi rawaya na iyo a jikinta.
Jakar mai jego.

Na ce haba Malam.
Ya fasa ruwan leda ya kwarara mata,
ruwan ya zame, ko ɗigo bai kama ba.
Ya ce sa hannu ka ji.
Soso ta ko'ina, laushi kamar cikin burodi.
Aljihun kwalbar madara biyu, dama da hagu,
kowanne ya haɗiye hannun gem kamar an gwada.
Shimfiɗar canza wa yaro kunzugu
ta naɗe na'urar tsaf.
Wanda ya ɗinka wannan, in ji Lurwanu,
ya san abin da bai kamata ya faɗi ba.

Dubu tara. Na ce biyar. Albarka.
Shida da rabi, ya haɗa mini da addu'a.

Ranar gasa a Barnawa sama ta ɓalle,
irin ruwan Agusta da ke sa kogi ya leƙo gari.
A cikin keke wata dattijuwa ta matsa mini,
ta janyo tamfol ta kare ta gefena,
ta ce ɗan nan, kayan jariri ba sa son sanyi.
Na ce na gode Mama. Ban gyara mata ba.

A shagon Mudan aka tarbe ni da shewa:
barka da arziki, yaushe ne suna?
Na bar su suka gama.
Jakar Sagir mai tsada na ɗiga kan siminti,
yana hura wa cajarsa iska da baki.
Na zuge zif.
Komai a bushe, da ɗuminsa.

An ci ni uku da ɗaya, ban ɓoye ba.
Jaka ba ta koya wa yatsa ƙwallo.

Da dare na rataye ta a ƙusar bayan ƙofa.
Inna ta shigo da tuwo, ta tsaya,
ta dubi agwagin, ta dube ni, ta daɗe.
Ta ajiye kwano,
ta ce Allah dai ya kawo mai ita.